Me Ya Sa Manyan Jitocin Lantarki Suke Tsada Haka? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kiɗa na intanet a 'yan shekarun nan zai ga jita ɗaya ana neman dala 6,000, wata dala 10,000, wata ma ta haura dala 20,000, alhali ga wata kusa da ita, kamar an tsaga kara, a dala 400. Tambayoyin nan su ne makaɗa da masu koyon kiɗa suka fi yi game da wannan tazara. Maganar ta fi karkata ga Fender da Gibson da PRS, kamfanonin Amurka uku da ke riƙe da ragamar kasuwar.

Da gaske jita ta yi tsada ne, ko kuwa kuɗi ne suka rage daraja?

Duka biyun, amma na biyun ya fi nauyi fiye da yadda ake zato. Lokacin da Leo Fender ya fito da Stratocaster a 1954, dala 249.50 ake sayar da ita. Les Paul Standard ta Gibson kuwa dala 265 ce a 1959, kuɗin akwati daban. Idan aka auna waɗannan kuɗi da darajar dala ta yau, kowannensu ya doshi dala 3,000. Ke nan jitar da ake ƙerawa a Amurka, ta gama-gari, ba ta fi tsadar da ta yi a zamanin kakanni ba. Stratocaster ma ta sauko.

Inda mutane suke jin zafi shi ne tashin 'yan shekarun nan. A 2019 Gibson ta sa Les Paul Standard a dala 2,499, kafin shekara biyar ta wuce dala 2,700. Jerin Player da Fender ke yi a Ensenada ta Meziko ya fara a kusan dala 650 a 2018, wanda ya gaje shi a 2024 ya fito a kusan dala 800.

Abin da yake sabo fil shi ne benen da aka ɗora a sama. Fender ta buɗe sashen aikin musamman, Custom Shop, a 1987, Gibson ta biyo baya a 1993, PRS kuma tana da Private Stock. A 1959 babu wani sashe a Gibson da aikinsa shi ne kwaikwayon tsofaffin kayan Gibson. Yau wannan sashen ne ke kawo farashin da ke sa mutum ya riƙe baki.

Me ya faru bayan 2020?

Korona. Da aka kulle mutane a gida, miliyoyi suka ce bari su koyi kiɗa. Fender ta bayyana 2020 a matsayin shekarar da ta fi kowace ciniki a tarihinta zuwa lokacin, daga baya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 16 ne suka fara koyon jita a Amurka a wannan tsakanin. Ga masu saye sun yi cincirindo, ga masana'antu a rufe na makonni, ga kuɗin dakon kaya ta jirgin ruwa ya ninka. Farashi ya tashi, aka kuma saya ba ciniki.

Daga 2022 kasuwa ta yi sanyi. Kaya suka taru a shaguna, Fender ta sallami ma'aikata a masana'antarta ta Corona da ke Kalifoniya, sannan a 2024 Sam Ash, shagon da ya shekara ɗari yana sayar da kayan kiɗa a Amurka, ya rufe rassansa gaba ɗaya. An yi rangwame nan da can, amma farashin da aka rubuta a takarda bai koma inda yake ba. Sai kuma harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙaƙaba a 2025, wanda ya taɓa jitocin China da Indonesiya kai tsaye, ya kuma taɓa na cikin gida ta bayan fage, tunda katako da wasu ƙarafuna daga waje suke zuwa.

Ana cewa katako ne ya yi wuya. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yawan da 'yan talla ke nunawa ba.

Katakon rosewood na Brazil, wanda aka shimfiɗa a fuskar wuyan jitocin 1950, ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 1992. A Janairun 2017 aka sa sauran danginsa ƙarƙashin takardar izini, har Fender ta koma amfani da wani katako mai suna pau ferro a jitocinta na Meziko, kafin a sassauta wa kayan kiɗa dokar a ƙarshen 2019. Gibson kuwa ta sha samame daga jami'an gwamnatin Amurka a 2009 da 2011 kan katakon Madagaska da Indiya, aka daidaita a 2012 ta biya tarar dala 300,000. A 2020 Fender ta sanar da janye katakon ash daga yawancin jitocinta, saboda wani ƙwaro da ke kashe bishiyar da kuma ambaliyar da ke hana masu sara shiga fadamun kogin Mississippi.

Afirka na da hannu a wannan ciniki. Baƙin katakon da ake sawa a fuskar wuyan manyan jitoci, ɗan uwan kanya ne, kuma da yawansa daga dazukan Kamaru yake fitowa. Kamfanin jita na Taylor ma tun 2011 ya sayi hannun jari a wata masana'antar yanka shi a Yawunde. Katakon korina da Gibson ta yi jitocin Flying V da Explorer da shi a 1958 itacen Afirka ta Yamma ne. Jitoci da dama masu matsakaicin kuɗi da ake cewa na mahogani ne, da dangin maɗaci ake yin su.

Duk da haka, katakon da ke jikin jita ɗaya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashinta. Abin da ake biya da tsada shi ne zaɓe: gungumen da ba shi da nauyi, da allon maple mai zanen da ke walƙiya kamar harshen wuta. PRS ta ma mayar da wannan zaɓe wani mataki na farashi, tana kiran allon da ta ware saboda kyansa 10-Top, a ƙara kuɗi a kansa. Ido ne ke cin moriyar wannan ƙarin, kunne bai san an yi ba.

To me ake samu a jitar dala 8,000 da babu a ta dala 800?

Lokacin ɗan Adam. Yanzu kusan kowace masana'anta, daga Nashville ta Amurka har Surabaya ta Indonesiya, injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yanka gangar jita da wuyanta, kuma injin ba ya kuskuren da ya wuce kaurin gashi. Wannan ne ya ɗaga darajar jitoci masu araha fiye da komai. Squier ko Epiphone ko PRS SE ta yau, wato jitoci masu araha na Fender da Gibson da PRS, ta fi jitar 'yan koyo ta shekarun 1970 nesa ba kusa ba.

Bambancin yana fitowa ne bayan inji ya gama. Ɗauki jita ka zura tafin hannunka a gefen wuyanta daga sama zuwa ƙasa. A mai araha sau da yawa bakin ƙarafunan nan da aka jera a wuya zai ɗan karce ka. A babba kuwa wani ya zauna da magagari ya goge bakin kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, su ashirin da biyu, gefe da gefe, ya kuma daddatse kaifin katakon har ya yi laushi a hannu kamar an daɗe ana riƙe shi. Dubi ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kai kusa da kan jitar: idan ramukansa ba a yanka su daidai ba, kana ɗaure tsirkiya za ka ji wani ɗan “ƙiris”, kuma jitar ba za ta zauna a saiti ba. Sai fenti. Manyan jitoci da yawa ana fesa musu nitro, siririn fenti irin na da, shafi bisa shafi, a jira ya bushe, a goge, a sake. Makonni ake yi. Fentin roba na masu araha kuwa nan da nan yake bushewa, ya kuma fi ƙwari.

Duk wannan aiki ne na gaske, kuma ma'aikacin Kalifoniya ko Maryland albashinsa ba ɗaya ba ne da na Indonesiya. Amma a faɗi gaskiya: rabin abin da aka lissafa a sama, ƙwararren mai gyaran jita zai yi wa jitarka mai araha a kan kuɗi kaɗan.

Sauti fa? Mai tsada ta fi daɗin ji?

Nan ne rigimar take. Jitar lantarki ba ta da kogon da ke fitar da amo kamar gurmi ko garaya. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye, shi ake kira fikof. Tsirkiyar ƙarfe ta motsa, fikof ya mayar da motsin lantarki, amfilifaya da lasifika su mayar da shi sauti. Saboda haka irin fikof ɗin, da inda aka dasa shi, da tazararsa da tsirkiya, da amfilifaya, su ne ke da kaso mafi tsoka.

A 2022 wani makaɗin Nashville, Jim Lill, ya yi gwajin da ya tayar da ƙura. Ya riƙa cire sassan jita ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga ɗaura tsirkiyoyi a sarari tsakanin tebura biyu, babu gangar jita sam, fikof kawai a ƙasa. Sautin da ya fito ya yi kusa da na jitar gaske matuƙa. Masu kaɗa gogen Turawa ma an taɓa yi musu irin wannan: a binciken da Claudia Fritz da abokan aikinta suka fitar a 2012 da 2014, ƙwararrun makaɗa da aka rufe wa ido sun kasa bambance tsofaffin gogunan Stradivari, shahararren maƙerin Italiya, da sababbi, da yawansu ma sababbin suka zaɓa.

Makaɗa suna da amsa, kuma ba a raina ta ba. Sun ce mai sauraro ba ya jin bambanci, amma mai kaɗawa yana ji a hannunsa da ƙirjinsa, kuma jitar da ta kwanta wa mutum ita ce zai fi kaɗawa da kyau. Haka ne. Sai dai kwantawar jita a hannu ba ta bin farashi sau da ƙafa. Eddie Van Halen da kansa ya harhaɗa jitar da ta fito da shi duniya, daga ganga ta dala 50 da wuya na dala 80.

Me ya sa jitocin shekarun 1950 suka zama kamar zinariya?

Abin dariyar shi ne a zamaninsu ba su yi kasuwa ba. Les Paul Standard mai launin fitowar rana an yi ta ne daga 1958 zuwa 1960 kawai, guda 1,700 ko ƙasa da haka, sai Gibson ta daina saboda ba a saye, ta sauya mata siffa gaba ɗaya a 1961. Bayan 'yan shekaru sai samarin makaɗan Ingila da Amurka, irin su Keith Richards da Eric Clapton da Mike Bloomfield da Jimmy Page, suka gano abin da take yi idan aka ƙure amfilifaya. Kowa ya shiga nema, ga shi ba a ƙerawa. Sai 1968 Gibson ta dawo da siffar, amma ba daidai da ta da ba. Yau mai kyau daga cikin na asalin ɗaruruwan dubban daloli ce. Ta makaɗin nan Mark Knopfler, ƙirar 1959, an sayar da ita fam 693,000 a Landan a Janairun 2024.

Fender ma haka. A 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga gidan rediyo da talabijin na CBS a kan dala miliyan 13, kuma a shekarun 1970 makaɗa suka yi ta kukan cewa aiki ya lalace, jitoci sun yi nauyi, an fi kula da yawa a kan kyau. Gibson ta shiga irin wannan hali ƙarƙashin kamfanin Norlin da ya mallake ta a lokacin. Daga nan aka samo imanin cewa tsohuwa ta fi sabuwa. A 1975 maganar tana da tushe. Yau da sabbin jitoci suka gyaru, imanin ne ya rage, tare da ƙarancin kayan.

Waɗanda ake sayarwa miliyoyin daloli a gwanjo fa?

Waɗannan ba kayan kiɗa ake saye ba, tarihin mai su ake saye. Baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ta tashi a dala 3,975,000 a 2019, duk da cewa an sauya mata wuya sau da dama, an huda ta, an cike. Da jitar wani ce daban, wannan aika-aikar da ta zubar mata da daraja. Fender Mustang ta Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana, wadda asalinta jitar ɗalibai ce mai araha, ta kai kimanin dala miliyan 4.5 a 2022. Blackie ta Clapton, da aka sayar dala 959,500 a 2004, haɗe-haɗe ce daga tsofaffin jitoci uku da ya tsinta da araha a wani shago a Nashville.

Illar gwanjon ga sauran jama'a ita ce yana gyara wa kamfanoni hanya. Wanda ya karanta labarin dala miliyan huɗu, dala 9,000 ba za ta firgita shi ba.

Me ya sa ake biyan ƙarin kuɗi don a ba mutum sabuwar jita mai kama da tsohuwa?

Fender ce ta fara sayar da irin wannan a 1995, ta kira su Relic. Gibson ta buɗe Murphy Lab a farkon shekarun 2020, da sunan Tom Murphy, wanda ya yi suna wajen tsaga fenti da reza layi-layi don ya yi kama da wanda shekaru suka fasa. Ana goge inda hannu ke gogawa, a dusashe ƙarafuna, a ƙwanƙwasa gefe. Iya yawan ɓarnar iya yawan kuɗin, domin aikin hannu ne.

Misalin da ya fi fito da yadda farashin ke tafiya shi ne Greeny, wata Les Paul ta 1959 da ta fito daga hannun Peter Green zuwa Gary Moore, sannan Kirk Hammett na Metallica ya saye ta a 2014. Tana da wani sauti na daban saboda maganaɗisun fikof ɗinta na sama a juye yake. Gibson ta kwaikwaye ta hawa huɗu: guda 50 na masu tara kaya a dala 50,000 kowace, sai ta Murphy Lab a dala 19,999, sai ta masana'antar Nashville a dala 3,199, sai ta Epiphone da ake yi a China a dala 1,499. Duka huɗun an juya musu maganaɗisun. Wanda sautin yake nema ya same shi tun a hawa na ƙasa. Dala 48,500 da ke tsakanin ƙasa da sama kuɗin tabo ne da takardar shaida da kasancewa cikin mutum hamsin.

Sunan da ke kan jita yana da wannan ƙarfin?

Ƙwarai. A 2009 hukumar tambarin kasuwanci ta Amurka ta ƙi yarda Fender ta mallaki siffar gangar Stratocaster da Telecaster, ta ce siffar ta zama ta kowa. Shi ya sa kamfanoni kamar Suhr da Tom Anderson suke yin masu kama da su, wasu makaɗa ma na ganin aikinsu ya fi tsafta. Abin da ba a taɓawa shi ne siffar kai da sunan da ke kansa. Kamar shadda ne: mai saye yakan duba hatimin bakin yadi kafin ya shafa yadin.

Amma sunan ma yana da iyaka. A 2015 Gibson ta ɗora wa yawancin jitocinta injin saita tsirkiya da kansa, ta kuma ɗaga farashi sosai, masu saye suka juya mata baya. Ga bashin da ta ci wajen sayen kamfanonin kayan lantarki, a Mayun 2018 ta kai kanta kotu neman kariya daga masu binta. Sababbin masu kamfanin da suka zo, abin da suka fara yi shi ne komawa ga siffofin 1950 da 1960.

Sayen babbar jita jari ne?

Ga yawancin mutane, a'a. Sabuwar jita tana fita daga shago darajarta ke raguwa, kuma tunda aka samu kasuwannin intanet irin Reverb, da aka kafa a 2013, kowa na iya ganin nawa aka sayar da irin taka jiya. Fender da Gibson da PRS sun fi sauran riƙe kuɗinsu a hannu na biyu, ƙananan kamfanoni kuwa komai kyan aikinsu sukan faɗi warwas. Tsofaffin na asali sun ba waɗanda suka saya tun da wuri riba mai yawa, amma su ma sun faɗi bayan rikicin tattalin arziki na 2008, aka ɗau shekaru kafin su farfaɗo. Akwai kuma tambayar da dillalai ba sa son ji: masu sayen nan galibinsu dattawa ne da suka taso da kiɗan shekarun 1960 da 1970. Ko jikokinsu za su biya irin wannan kuɗi don jitar gwanin kakansu?

Wanda ke Najeriya ko Nijar, yaya lissafin yake a wurinsa?

Ya fi muni, musamman a Najeriya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Jitar dala 2,500 ta tashi daga kimanin naira miliyan 1.15 zuwa miliyan 3.75 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba, ban da dako da kwastan. Mai sefa ya ɗan fi samun sauƙi tunda kuɗinsa a ɗaure yake da yuro.

Sai yanayi. Katakon jita ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Kano ko Damagaram kuwa yakan sauko ƙasa da kashi 20. Wuya ya tsuke, bakin ƙarafuna ya fito yana yankan hannu, fentin nitro ya tsattsage, damina ta zo katako ya sake kumbura. Abin haushin, jita mai fentin roba ta fi jure wannan. Wanda ya sayo amfilifaya daga Amurka kuma ya tuna wutarsu volt 120 ce, tamu ta kusa ninka haka; ya sa kai tsaye, ya ƙone.

Ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, jita matsakaiciya da aka saita da kyau, tare da amfilifaya na kirki, za ta fi babbar jita da aka jona wa tarkacen lasifika. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake zagaya Turai da Amurka da kiɗansa, da katako da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Yaya ake gane ta jabu?

Tambaya ce da ta zama dole, domin tsada ta buɗe wa 'yan damfara kasuwa. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles suka sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya wuce dala miliyan 18. Waɗanda ba a kama ba suna yawo a kasuwannin duniya, har da na kayan hannu.

A kan Gibson, dubi ɗan murfin roba mai siffar ƙararrawa da ke kan jitar: na gaske kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, na jabu sau da yawa uku. Kwance shi ka leƙa ciki. Ta gaske noti ne na tagulla da ake ɗaurawa da soket, ta jabu rami ne na makullin alan. Dubi bayan wuya kusa da kai, idan ka ga layin da aka manna katako biyu a karkace, ka yi hattara. Gadar da tsirkiyoyi ke hawa a kai, idan tana kan manyan kusoshi masu tsagar sukudireba, alama ce ta ƙirar Asiya. Lambar da aka buga a bayan kai kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu lambobin gaske suke kwafa. A ɗauki hotunan jitar gaba da baya, da na cikin ramin wayoyi, a tura wa sashen kula da masu saye na kamfanin kafin a biya ko kwabo.